Homestead da Hausa: gandu, kama wuri zauna, ko me?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, taimako nake nema a kan kalma guda. Ina haɗa darasi ne a kan yadda gwamnatin Amurka ta yanki ƙasar ƙabilun Sioux, 'yan asalin yankin, ta sayar wa manoma baƙi, daga 1889 zuwa wajen 1910, sai kalmar homestead ta ƙi ba ni hanya. Ga abin da take nufi a can. A 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka wadda ta ce duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, yana iya zuwa ofishin filaye a rubuta masa eka 160, kusan hekta 65 ke nan. Sai ya gina ɗaki, ya tare, ya yi noma har shekara biyar, sa'annan ya kawo shaidu biyu a ba shi takardar mallaka. Filin shi ne homestead, mutumin kuma homesteader. Na gwada "gona", ta yi kaɗan. "Gida" ma haka. Me za mu ce?

Tsohon malamin gona

Wa alaikumus salam, ɗana. Ai ba sai an je da nisa ba, gandu ke nan. Babbar gona ce ta gida, maigida ke riƙe da ita, shi da iyalinsa ke nomawa, abin da aka samu ya shiga rumbun gida. Eka 160 kuwa ko a gidan sarauta gandu ne mai suna gandu. In kuma zaman ne ya dame ka, ka ce tunga, tun da mutum ne ya bar gari ya je ya kafa a daji.

Malamar tarihi

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin gandu zai kai mai karatu inda ba a aike shi ba. Wanda ya ji gandu zai hango gado, da kakanni, da 'ya'ya da ƙanne suna aiki ƙarƙashin babba guda. Wanda ake magana a kansa kuwa baƙo ne, wani daga Jamus, wani daga Norway, wani daga Bohemiya, wani daga jihohin gabas. Ya sauka daga jirgin ƙasa da takarda a aljihu, an nuna masa murabba'in fili mai tsawon rabin mil ta kowane gefe, ko bishiya babu, har sai ya yanko ƙasa mai haɗe da saiwar ciyawa ya jera ta kamar tubali ya yi ɗaki. Ba uban da ya taɓa noma wurin.

In ma akwai masu gandu a labarin nan, to mutanen Sioux ne. Ƙasar tasu ta kowa ce a cikinsu, ba a san ta wane ba. Dokar Dawes ta 1887 ita ta zo ta farfasa gandun, ta miƙa wa kowane magidanci gayaunarsa, sa'annan ta ce abin da ya saura rara ne, a sayar. Ka ga in muka ba baƙon kalmar gandu, mun ƙwace wa masu ƙasa har da sunan abinsu. Tunga kuma ta fi kusa, sai dai tunga taron gidaje ce, kuma ba ruwanta da ofis ko takarda.

Ɗan jarida

Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Gidajen rediyo sun daɗe da gama mana wannan aiki: 'yan kama wuri zauna, wasu su ce 'yan share wuri zauna. Kowa ya saba jin ta a labaran Falasɗinu, kuma da ka faɗa an gane baƙo ne ya zo ya tare a ƙasar da ke da masu ita. Me kuma ake nema?

Malamar tarihi

Yaya, kalmar taka tana da gurbi a labarin, amma ba nan ba. Bari in ɗan ja zaren, don sai an ga yadda aka yi cinikin kafin a san sunan da ya dace da mai saye.

A 1868 aka ƙulla yarjejeniyar Fort Laramie tsakanin gwamnatin Amurka da Sioux. Ta bar wa Sioux duk yammacin kogin Missouri na abin da yake jihar Dakota ta Kudu a yau, har da duwatsun Black Hills da suke girmamawa. Sashe na 12 ya ce ba za a ƙara yankar wannan ƙasa ba sai kashi uku cikin huɗu na mazan da suka balaga sun sa hannu. A 1874 ayarin sojan Amurka ƙarƙashin wani hafsa mai suna George Custer ya tabbatar akwai zinariya a Black Hills, masu haƙa suka yi ta kwarara ba izinin kowa. Waɗannan su ne 'yan kama wuri zauna na ainihi, ba musu. A 1877 majalisar dokokin Amurka ta karɓe duwatsun ba tare da an samu kashi ukun nan ba.

Na 1889 daban ne. A 1888 an turo tawaga ta nemi Sioux su sa hannu a ƙara yankar ƙasar, ta koma hannu rabbana. Sai majalisa ta yi sabuwar doka ran 2 ga Maris 1889, aka ɗan ƙara farashi, aka turo Janar George Crook da mutum biyu. Suka bi wuri wuri, a yanka shanu a yi walima, a ja wannan gefe a yi masa alkawari, a nuna wa wancan cewa in ya ƙi ma za a karɓe a banza. Sitting Bull, ɗaya daga manyan shugabannin Sioux, ya tsaya kai da fata bai yarda ba, amma tawagar ta tara hannun da take nema. Aka raba ƙasar gida shida: Standing Rock, Cheyenne River, Lower Brule, Crow Creek, Rosebud da Pine Ridge. Abin da ya faɗo tsakaninsu, kimanin eka miliyan 9, shugaba Benjamin Harrison ya buɗe shi ga baƙi a Fabrairun 1890. Farashin a rubuce yake cikin dokar: dala 1.25 kowace eka a shekaru uku na farko, senti 75 a biyun da ke biye, daga nan senti 50. Wato mai haƙuri ya samu da araha, asarar kuma a wuyan masu ƙasa. Ba a jima da gama sa hannu ba aka rage naman da gwamnati ke raba musu, kuma kafin 1890 ta fita an kashe Sitting Bull, sojojin Amurka kuma sun yi wa mutanen Sioux kisan kiyashi a Wounded Knee.

Sai Rosebud a 1904, inda abin ya fi fitowa fili. Shekara guda kafin nan kotun ƙoli, a shari'ar Lone Wolf da Hitchcock, ta ce majalisa na da ikon warware yarjejeniyar da aka yi da ƙabilu ita kaɗai. Saboda haka da aka nemi kashi uku cikin huɗu a Rosebud ba a samu ba, majalisa ba ta ko waiwaya ba, ta buɗe gundumar Gregory. Gwamnati ba ta ma sayi filin ba, dillanci ta yi: ta sayar wa baƙi, abin da ya shigo ta ajiye da sunan ƙabila. Dala 4 eka a watanni uku na farko, sai 3, sai 2.50. Sama da mutum 100,000 suka yi layi a Bonesteel da Fairfax da Yankton da Chamberlain suka rubuta suna, filayen kuwa wajen 2,400 ne, sai da aka jefa ƙuri'a.

To Yaya, mutumin da ya yi layi a ofishin gwamnati, ƙuri'a ta faɗo kansa, ya biya kuɗi aka ba shi rasit, shi ne za a ce ya kama wuri ya zauna? In muka ce haka mun ɗora masa kayan duka, gwamnatin da ta yanka ta sa farashi ta sulale ta bayan gida.

Ɗan jarida

Rasit ba ya halatta kayan sata, ƙanwata. Amma na ji ki. Kalmar ta haɗa mai haƙar zinariya na 1875 da manomin 1904 a buhu ɗaya, kuma darasin yana son a rarrabe su.

Malamin fiƙihu

Da na karanta bayanin farko, abin da ya faɗo mini shi ne babin ihya'ul mawat, raya matacciyar ƙasa. Ya zo a hadisi cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce, kuma malamai sun yi bayanin rayawar: haƙa rijiya, gini, dashe, noma. Sharuɗɗan dokar Lincoln kusan su ke nan. Sai na so in ce a kira mutumin mai raya ƙasa. To amma sharaɗin farko a babin shi ne ƙasar ta zama ba ta kowa ba ce, kuma a wata ruwayar hadisin ya ƙare da cewa abin da azzalumi ya dasa ba shi da haƙƙi. Ƙasar da aka rubuta wa mutane a yarjejeniya, suna farauta a cikinta, kaburburan iyayensu na ciki, ba a kiranta matacciya. Duk wanda ya fassara da "raya ƙasa" ya yanke hukunci a shari'ar da ba a kawo gabansa ba. Na kawo ta ne don a san da ita a kauce mata, domin na tabbata wani zai ɗauko ta.

Mai tambaya

Allah ya gafarta Malam, na gode. Abin da na tsinta zuwa yanzu shi ne kalmar kada ta wanke mutumin, kada kuma ta ɓoye hannun hukuma. Ta faɗi sharaɗin kawai. Hausa kuwa ta iya wannan, tana ɗaukar umurni ta mai da shi suna: faɗi-ka-mutu, dafa-duka, a-kori-kura. Me zai hana mu ce zauna-ka-mallaka? Dokar zauna-ka-mallaka ta 1862. Gonar zauna-ka-mallaka. 'Yan zauna-ka-mallaka. Abin da ya burge ni shi ne umurni ne, kuma duk inda aka ji umurni an san akwai mai bayarwa. Gwamnatin na nan cikin kalmar ko ba a ambace ta ba.

Tsohon malamin gona

Ɗana, zama kawai? Sai a ɗauka malalata ne. Mutanen nan sun sha wuya, yammacin Missouri ruwansa kaɗan ne, fari ya kori da yawansu. Ka ce noma-ka-mallaka mana.

Malamar tarihi

Baba, a nan zan bi bayan yaron. Noma kowa na iya sa a yi masa daga nesa. Abin da ofishin filaye ya fi sa wa ido shi ne zaman: wanda ya bar wurin fiye da wata shida, wani na iya kai ƙara a soke rajistarsa. Shi ya sa aka yi ta ha'inci a kan zaman, a kafa 'yar bukkar katako a kwana jefi-jefi, a nemo maƙwabta su rantse. Kuma zaman ne manufar gwamnati, jama'a take so a wurin. Ba banza ba aka ɗaga Dakota ta Arewa da ta Kudu suka zama jihohi a Nuwamban 1889, shekarar da aka yi wannan yanka.

Ɗan jarida

Ta yi tsawo a kanun labari, amma kama wuri zauna ma ba gajeriya ba ce, kuma baki ya saba. Tambayata biyu. Mata fa? Dokar ta ba 'yan mata da zawarawa dama, kuma da yawa sun karɓa. Sa'annan a ƙasar Sioux ai ba zama kaɗai ba ne, har da biya.

Mai tambaya

Tangaran ɗin Hajiya ma faɗi-ka-mutu ne, ba a ce faɗi-ki-mutu ba. 'Yar zauna-ka-mallaka ta wadatar. Batun biya kuwa aikin jimla ne: "an sayar wa 'yan zauna-ka-mallaka". In muka cusa komai cikin kalma guda sai ta zama wasiƙa.

Tun da an taru, saura biyu ƙanana, ta biyun ita ce yadda za a rubuta sunan ƙabilar. Reservation fa, wato yankin da aka keɓe wa ƙabila, irin Rosebud? Na ga wasu na cewa gandu saboda gandun daji.

Malamin fiƙihu

A'a, kada a yi wa mutane haka, gandun daji na namun jeji ne. Ni hurumi nake gani. Fili ne da aka keɓe, ba a shiga sai da izini, kuma har yau muna cewa "wannan ba huruminka ba ne" in ana maganar iko.

Malamar tarihi

Ta zauna, Malam, domin rigimar da ta biyo baya ta iko ce. A 1977 kotun ƙoli ta ce dokokin 1904 da 1907 da 1910 sun rage iyakar Rosebud. A 1984 kuma ta ce dokar 1908 da ta buɗe Cheyenne River ba ta rage tasa iyakar ba, filin da aka sayar yana cikin hurumi har yanzu. A wurin da mai laifi zai tsaya gaban wace kotu ya danganta da wannan, ka ga kalmar ta ɗauki nauyin biyu, fili da iko.

Sunan ƙabilar kuma a yi hattara. Ana rubuta Sioux amma "Su" ake furtawa, in ka bi sauti ka rubuta "ƙasar Su" mai karatu zai ga "ƙasarsu". Sunan ma ba nasu ba ne, ta bakin Faransawa ya zo daga maƙwabtansu Ojibwe. Na yammacin Missouri akasari Lakota suke kiran kansu, akwai Dakota kuma a Crow Creek da wani sashe na Standing Rock. A bar Sioux da rubutunsa in ana nufin duka, a ce Lakota inda Lakota ne.

Mai tambaya

To ga yadda zai shiga darasin, wanda ya ga gyara ya yi: "A 1904 majalisar Amurka ta yanki gundumar Gregory daga hurumin Rosebud ba tare da yardar kashi uku cikin huɗu na mazan Lakota ba, ta sayar wa 'yan zauna-ka-mallaka ta hanyar ƙuri'a, eka ɗaya dala 4."

Tsohon malamin gona

Ba laifi, ta shiga kunne. Ni dai a bakina noma-ka-mallaka zan ci gaba da cewa. Sai ka bayyana wa ɗaliban girman eka tun farko, don yaran yanzu hekta suka sani.