Abin da aka tattauna kan bawul na rufe ruwa a gidajenmu na Gombe

Jama'a, ga abin da na tattara daga tattaunawarmu kan inda za a sa bawul da irin wanda ya fi dacewa.

1. Kusan kowa ya yarda a sa bawul a bakin shigowar ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Dadin Kowa, wani kuma a ƙarƙashin tanki, don in bututu ya fashe a tare ruwa nan take.

2. Mafi yawa sun fi son mai hannu, wanda kwata ɗin juyi ke rufewa. Hannu ya bi tsawon bututu, a buɗe yake. Ya gicciye, a rufe. Sai dai a riƙa rufe shi a hankali, domin rufewar gaggawa tana buga bututu.

3. Mai kambun murɗawa kada a bar shi rabi-rabi, yana cinyewa. Ko a buɗe gaba ɗaya, ko a rufe.

An rabu kan tagulla da roba. Masu roba sun ce ba ta tsatsa, ga sauƙin kuɗi. Masu tagulla sun ce rana tana gasa roba har hannun ya karye a tafin mutum. Ni ma nawa na kan tanki haka ya yi mini.

Masu injin niƙa mai aiki da gas sun ja kunne: bawul na ruwa ba ya zama na gas.