Na ɗumama shinkafar har tana tururi, amma mun kwara amai

Ɗan aji uku:
Assalamu alaikum yayyenmu. Jiya da dare aka kawo mana dafa-duka daga wurin suna, ta kwana a kula, ba wuta balle firji. Da safe na ɗumama ta har tana tururi. Ba a yi awa uku ba ni da abokin ɗakina muka fara kwara amai, amma ba zazzaɓi. Shi ya kafe ƙwayar cutar Salmonella ce, mu sayi ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ni abin da ya ɗaure min kai, ashe zafi bai kashe ƙwayar ba? Ga jarrabawa ranar Litinin.

'Yar aji biyar:
Wa alaikumus salam, sannu ƙanena. Fara duba agogo. Salmonella sai ta shiga hanji ta hayayyafa tukuna, awa 6 zuwa 72, kuma yawanci da gudawa da zazzaɓi take zuwa. Amai cikin awa 1 zuwa 6 kuwa, gubar ta riga ta taru a abincin kafin ka kai loma. Da jin shinkafa, ƙwayar Bacillus cereus za ka fara zargi. Tana ɓuya cikin wani ƙwanso mai tauri da dahuwar farko ba ta iya masa. Shinkafar na hucewa a kula, ɗumi-ɗumi, sai ta farfaɗo ta zuba guba mai suna cereulide. Ɗumamenka ya kashe ƙwayoyin, gubar ko a jikinta, don tana jure zafin digiri 121 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 90.

Ɗan aji huɗu:
Kada a manta da ƙwayar Staphylococcus aureus (Staph), ita ma gubarta ba ruwanta da wuta, daga hancin mai girki ko ƙurjin yatsa take faɗawa. A rinin Gram, wato rinin da ake wa ƙwayoyin cuta don a bambance su, duka biyu shunayya suke fitowa, Bacillus sanda-sanda, Staph curi-curi kamar inabi. Nan aka kama ni a jarrabawar bara.

Likita a ɗakin gaggawa:
Malam, ciprofloxacin ba ya karya guba, ku riƙe kuɗinku. Ruwan gishiri da sukari, kurɓi-kurɓi, galibi cikin awa 24 ya wuce. In ruwa ya ƙi zama, ko zazzaɓi ko jini ya biyo baya, ku taho asibiti. Don jarrabawa: Bacillus cereus tana da nau'i na biyu mai gudawa, awa 8 zuwa 16, daga nama da miya.

Ɗan aji uku:
Na gode ƙwarai. Saura rabin kula, abokina yana cewa zubar da abinci zunubi ne.

'Yar aji biyar:
Zubar. Ka wanke kular da ruwan zafi da sabulu.