Neman kalma: sanatan da ba na tarayya ba, me za mu kira shi?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Ina da rahoto da zai shiga iska ƙarfe shida kan Jamie Raskin, wanda ya jagoranci masu gabatar da ƙara a shari'ar tsige Trump karo na biyu a 2021. Kafin ya shiga Majalisar Wakilai a 2017, ya yi shekara 10 yana state senator a Maryland. Na rubuta "sanatan jihar Maryland", edita ya ja masa layi da jan biro.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Editan ya yi daidai. Kunnen mai saurare ya saba da sanatan Kano ta Tsakiya, zai ɗauka mutumin ya baro kujerar dattawa ta ƙasa ya sauko ta wakilai. Mu majalisar jiharmu zaure ɗaya ce. Tasu biyu ce a Annapolis, babban birnin Maryland, dattawa 47, ɗaya zauren 141. Ka ce "ɗan majalisar dattawan jihar Maryland".

Tsohon ɗan jarida: A ajiye sanatan nan gaba ɗaya! Muna da dattijo, me ya kai mu aro? Ni tun muna gidan rediyo nake cewa "dattijon jiha" da "dattijon ƙasa". Gajere, namu.

Malamar Hausa: Baba, da girmamawa, dattijon ƙasa tsoho ne mai mutunci da ake zuwa wurinsa neman shawara. Ba kujerar zaɓe ba ce.

Tsohon ɗan jarida: 'Yata, kalma amfani ke ba ta ma'ana. Ku 'yan jami'a kun fi yarda da ta Bature. Kuma dattijai ne jam'in, ba dattawa ba.

Ɗan Maraɗi: Duka biyun ana faɗa. Abin da ke min ciwo shi ne kullum a yanke hukunci a Kano mu ji a rediyo. Mu a Nijar depite muke ce wa ɗan majalisa, an taɓa tambayarmu?

Tsohon ɗan jarida: Depite ai Faransanci ne.

Ɗan Maraɗi: Sanata kuma daga Daura ta zo?

Mai fassara: Don Allah malamai, biyar saura kwata. Congressman ɗin ma fa? Wani ya ce min "ɗan kwangires".

Malamar Hausa: A'a, babu mai faɗar haka. Kwangires ta haɗa zauruka biyu, dattawa 100 da wakilai 435, shi kuwa yana na biyun. "Ɗan Majalisar Wakilan Amurka" ya isa. Ga jimlarka: "Jamie Raskin, ɗan Majalisar Wakilan Amurka, wanda a baya ya yi ɗan majalisar dattawan jiharsa ta Maryland." Ka jaddada jiharsa in kana karantawa.

Mai fassara: Na gwada da baki, ta yi tsawo amma tana shiga numfashi ɗaya. Ita zan ɗauka. Na gode Malama.

Tsohon ɗan jarida: To, ku tafi da ita yau saboda lokaci. Amma ban janye dattijon jiha ba. Ranar da kuka zo kan jihar Nebraska, inda zaure ɗaya ne kuma kowa a cikinsa sanata ake ce masa, ku neme ni.