Ta wace hanya jarida da adabi ke sa mutane su ji su 'yan ƙasa ɗaya ne?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. Ana yawan cewa jaridu da adabi ne ke gina kishin ƙasa, har mutanen da ba su taɓa haɗa ido ba su riƙa cewa "mu". Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasashe da dama sun sami 'yanci a lokacin da yawancin jama'arsu ko sunansu ba su iya rubutawa. To ta ina takarda ta shiga zukatansu? Don Allah a haɗa mini da misalai masu suna da shekara.

Mai Gyaran Shafi:
Wa alaikumus salam, Malama. Yawanci a sharhin edita ake neman amsar, wurin da ake wa'azin haɗin kai. Ba can aikin yake ba, don masu karanta sharhi ba su taka kara sun karya ba. Aikin yana cikin tsarin shafin kansa.

Ɗauki kowace jarida ki duba. A sama akwai kwanan wata guda, a ƙarƙashinsa kuma an jera gobarar wani gari, da jawabin minista, da ambaliyar wani ƙauye mai nisan kwana biyu a mota. Babu abin da ya haɗa su sai ranar da kuma iyakar ƙasa. Mai karatu ya san dubban mutane na riƙe da wannan shafin a wannan safiyar, ko da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan shi ne ginshiƙin hujjar masani Benedict Anderson a littafinsa na 1983 kan kishin ƙasa.

Sai rabon labarai gida biyu, na cikin gida da na ƙetare. Kullum ana ja wa mai karatu layin nan ba tare da an faɗa masa ba. Idan aka rubuta "shugaban ƙasa" ko "babban banki", ba a cewa na wace ƙasa, an ɗauka ya sani. Taswirar hasashen yanayi tana tsayawa cak a bakin iyaka, sai ka ce hadari na neman biza. Shafin wasanni kuwa shi ne uban gayya: "mun ci", "an fitar da mu". Wani masani, Michael Billig, ya bi irin waɗannan ƙananan kalmomi a jaridun Birtaniya na rana guda, ya fitar da littafi a kai a 1995.

Game da rashin ilimi, kwafi ɗaya ba mutum ɗaya yake kaiwa ba. Mai karatu ɗaya kan karanta wa taro. A Kyuba, tun daga 1865, masu naɗa taba a masana'antun Habana sukan haɗa kuɗi su biya wanda zai zauna yana karanta musu jarida da littattafai suna aiki.

Malam Nahawu:
Zan ɗora a kan abin da Malam ya faɗa, don kafin a kai ga shafi akwai matakin harshe. Maɗaba'a ba ta iya buga karin harshe ashirin. Dole ta zaɓi ɗaya, ta tsayar da ƙa'idar rubutu, ta nemo kalmomi ga abubuwan da babu sunansu, irin su majalisa da kasafin kuɗi. Wanda aka zaɓa sai ya zama "daidai", sauran su koma "maganar ƙauye". Nan rigima ke farawa.

A Italiya, lokacin haɗewar ƙasar a 1861, masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta daga baya cewa kusan kashi 2.5 cikin ɗari ne ke jin harshen da ake kira Italiyanci yau. Wasu masana sun ce adadin ya fi haka, amma kowa ya yarda tsiraru ne. Marubuci Alessandro Manzoni ya fitar da babban littafinsa a 1827, sannan ya sake wanke harshensa kaf ya mayar da shi karin mutanen Florence, aka sake bugawa tsakanin 1840 da 1842. Wannan bugun makarantu suka ɗauka.

Indonesiya ta yi wayo. A ranar 28 ga Oktoba 1928 matasa suka yi mubaya'a ga harshe ɗaya, kuma ba su ɗauki Jabanci, harshen mutanen tsibirin Java, ba duk da yawan masu shi. Sun ɗauki Malay, harshen kasuwa da tashar jiragen ruwa, wanda jaridu suka riga suka saba da shi, babu kuma babbar ƙabilar da za ta ce an danne ta da shi.

Turkiyya ta bi ta ƙarfi. An kafa dokar sabbin haruffa 29 a watan Nuwamba 1928, jaridu suka bar haruffan Larabci suka koma boko cikin 'yan makonni. Ciniki ya faɗi warwas, domin masu karatun da ake da su sun wayi gari ba su iya karanta jaridarsu, kuma jikokinsu suka rabu da duk abin da aka rubuta da tsohon rubutu.

Ko Hausar da muke rubutawa a nan, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, Abubakar Imam na edita, tana da hannu babba wajen zaunar da ƙa'idarta.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode ƙwarai. To adabi fa? Littafi ai ba ya fita kullum.

Hajiya Mai Nazari:
Shi ya sa tafiyarsa ta hawainiya ce, ƙanwata, kuma ba ya isa ko'ina sai makaranta ta goya shi. Jarida tana ba jama'a "yau" guda, adabi yana ba su "jiya" guda.

Dubi Finland. Daga 1809 tana ƙarƙashin Rasha, manyanta kuma Swidanci suke yi. Wani likita, Elias Lönnrot, ya riƙa shiga ƙauyukan Karelia yana rubuta waƙoƙin baka daga bakin tsofaffi. Ba haka ya bar su ba: ya yanka, ya haɗa na wannan mawaƙi da na wancan, ya sa ɗinki nasa, har suka zama labari guda mai farko da ƙarshe. Littafin, mai suna Kalevala, ya zama waƙa guda doguwa da ta fito a 1835, aka faɗaɗa ta zuwa babi 50 a 1849. Abin dariyar shi ne da yawa daga masu yabonta a fassarar Swidanci ta 1841 suka karanta ta. Sai da jaridu suka yi ta ambato, masu zane da makaɗa suka ɗauki jarumanta, makarantu suka sa ta a manhaja, kafin ta zama abin kowa. 'Yanci ya zo a 1917, shekara 82 bayan bugun farko.

Haka marubuci José Rizal na Filifin. Littafinsa na 1887 da Sifaniyanci ya rubuta, a Berlin ta Jamus aka buga, yawancin mutanen ƙasarsa ba su jin harshen. An harbe shi a 1896. Dokar 1956 ce ta wajabta koyar da shi a makarantu. Don haka idan kina son sanin littafin da ke gina ƙasa, ki duba jerin littattafan jarrabawa, ki tambayi wa ya zaɓa, wa kuma aka bari a waje.

Mai Gyaran Shafi:
Kada a manta abin yana iya juyewa. Inda harsuna biyu ke da jaridunsu daban, "mu" biyu ake samu. Beljiyam ke nan: masu Faransanci da masu Filemish kowa da jaridunsa, gidan rediyo da talabijin na gwamnati ma an raba shi tun 1960. A Ruwanda kuwa, jaridar Kangura da aka fara a 1990 ta ja layin a tsakiyar ƙasa, ba a bakin iyaka ba, kuma kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha, mai shari'ar kisan ƙare-dangin Ruwanda, ta sami editanta Hassan Ngeze da laifi a 2003.

Idan bincike za ki yi, ɗauki jaridu biyu masu masu karatu daban, fitowa goma sha huɗu kowace. Kada ki ɗauki kwanaki a jere, don babban labari ɗaya zai rinjayi lissafin. Ki ɗauki Litinin ta wannan mako, Talata ta mako na gaba, haka har ki cika. A shafin farko ki ƙirga garin da kowane labari ya fito, za ki ga yankunan da ba a ambata sai an yi bala'i. Duk inda "mu" ta fito ki rubuta wa take nufi: ƙasa, yanki, addini ko jam'iyya. Tallace-tallace da sanarwar rasuwa ki ware musu takarda daban, su ne ke nuna garuruwan da jaridar ke isa da gaske.