Wanda ya taɓa zuwa Kamasari ta jihar Bahiya ya taimaka mini da bayani

Bakanike daga Sharaɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamfanin robar da nake wa aiki zai tura ni kwas Birazil, a wata masana'anta da ke garin Camaçari, kusa da Salvador, babban birnin jihar Bahiya. An ce mini Kamasari ake faɗa. Biza ta fito, tikiti ya rage. Sun ba ni zaɓi, ko su kama mini otal a cikin garin, ko a Salvador in riƙa zuwa kullum, ni kuma ban san wanda ya fi ba. Ga batun abinci da salla. Don Allah wanda ya taka wurin da ƙafarsa ya faɗa mini abin da ya gani.

Injiniya mai ritaya

Wa alaikumus salam. Allah ya sa a je a sa'a, ƙanena. Na zauna a can lokacin da wurin aikinmu ya tura mu koyon sarrafa sinadarai. Abin da zan fara gaya maka, kada hotunan intanet su ruɗe ka. In ka rubuta sunan garin, rairayin bakin teku da itatuwan kwakwa za su fito maka. Ba ƙarya ba ne, ƙaramar hukumar tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 42, amma ba can aikinka yake ba. Ainihin garin yana ciki, nesa da ruwa, wajen kilomita 50 daga Salvador, a jikin unguwar masana'antun da suke kira Polo.

A 1978 aka buɗe Polo, kuma kamfanoni fiye da 90 ne a cikinta. Braskem ce uwa. Ita ke fasa nafta, wani ruwa da ake samu wajen tace ɗanyen mai, ta tura wa maƙwabta sinadaran ta bututu, su kuma kowa ya yi nasa da su. Shi ya sa za ka ga bututai jere a kan gadojin ƙarfe suna tsallake titi daga wannan katanga zuwa waccan, da dare kuma harshen wuta a kan dogon bututun da ke ƙone rarar gas. Akwai masu yin taya irin Continental da Bridgestone, akwai masu takin zamani. Kai da kake zuba ƙwayar roba a inji kullum, can za ka ga inda ake haifar ta.

Ranar farko ba za ka taɓa komai ba. Za a zaunar da ku a koya muku dokokin kare kai, a ba ka hular kwano, tabarau, takalmi mai ƙarfe a baki, da wata 'yar jaka da ake ratayawa a ƙugu, cikinta takunkumin numfashi ne na gudu idan gas ya ɓalle. A saman gine-gine akwai wani dogon buhun ƙyalle a kan sanda, iska na kaɗa shi. In jiniya ta yi kuka, shi za ka fara kallo, ka ga inda iska ta dosa, kada ka bi can. Wannan darasin ka riƙe shi da hannu biyu.

Game da masauki, ni a cikin gari na zauna kuma shi nake ba ka shawara. Minti kaɗan ka isa bakin ƙofa, ka huta da cunkoson safe.

Ɗalibi a Salvador

Baba Injiniya ya faɗi gaskiya kan Polo, amma a gafarce ni, kan masauki ina da ja. Ina karatu a nan, kuma ina shiga Kamasari saboda jami'ar tarayya ta Bahiya tana da reshe a can. Da yawa daga ma'aikatan Polo ba a garin suke kwana ba. Suna Salvador ko Lauro de Freitas, motocin kamfani ne ke kwashe su da asuba su dawo da su da yamma. Tambayi masu masaukinka ko za su sa sunanka a ɗaya daga cikin motocin. In sun yarda, ka zauna Lauro de Freitas, kusa da filin jirgi, tsakanin Salvador da wurin aikinka.

Dalilina shi ne dare. Magariba na yi da wuri a nan, wani lokacin kafin ƙarfe biyar da rabi, kuma da an rufe shaguna tsakiyar Kamasari sai ta yi tsit. A rahoton tsaro da ake fitarwa duk shekara a Birazil, garin ya sha fitowa cikin waɗanda kisan kai ya fi yawa. Akasari rikicin 'yan ƙwaya ne a unguwannin gefe, baƙo ba ya cikin lissafinsu, amma ƙwacen waya ba ya tambayar daga ina ka zo. Ni ban taɓa gamuwa da komai ba, sai dai ba na tsayawa bakin titi da waya a hannu, kuma da dare motar haya nake kira ta manhajar Uber ko 99 daga cikin gini.

Ka nemi lambar CPF tun kafin ka taso in da hali. Lambar haraji ce, baƙo ma ana ba shi, kuma ba tare da ita ba sayen layin waya ma sai ka sha wuya. Turanci kuwa kada ka dogara da shi. Injiniyoyi za su ji ka, amma direba da mai abinci da mai gadi sai Fotugis. Ka sauke manhajar fassara wadda ke aiki ba intanet.

Juma'a a Salvador muke yi, a cibiyar Musulunci da ke unguwar Nazaré. Gida ne aka mayar masallaci, ba shi da girma, liman ɗan Nijeriya ne, kuma za ka haɗu da 'yan Senegal da 'yan Birazil da suka musulunta. Daga Polo sai ka nemi izinin rabin yini. Alƙibla gabas ce mai ɗan karkata arewa. Agogon nan yana bayan na gida da awa 4, ka gaya wa iyali kada su kira ka bayan sallar asubarsu.

Maman Khalifa

Ni rakiyar maigida na yi, don haka yana wurin aiki ina gari, kasuwa da kicin na sani. Malam, abin da za ka kiyaye shi ne wake. Kullum da rana shinkafa da wake ake ci, a ido ba ka ganin komai, amma sau da yawa da naman alade aka dafa shi, ko kitsensa ko tsiran da suke kira calabresa. Haka garin rogon da suke soyawa, farofa, ana yawan yanka bacon a ciki, shi ma naman alade ne. Ka haddace kalmar porco, wato alade, da waɗannan biyun, calabresa da bacon, ka tambaya kafin ka ɗiba. Ba sa jin haushi, har mai dafawa za su kira maka. Gidajen abincin da ake auna faranti a sikeli su suka fi mana sauƙi, don kana ganin komai a buɗe, ka ɗebi kifi da shinkafa da ganye ka wuce.

Sai ƙosai. Wallahi ranar da na fara ganin sa sai da na tsaya cak. Wata dattijuwa ce zaune a bakin dandali da yamma, fararen kaya tun daga ɗankwali har ƙasa, tana buga ƙullun wake da babbar muciya a tukunya, ga kasko cike da manja yana tafasa, an jefa albasa guda a ciki. Tana yanka ƙullun da cokali biyu, ya fito dunƙule kamar hannun yaro. In ya soyu sai ta tsaga shi gida biyu, ta shafa yaji, ta zuba wani kauri mai ruwan ɗorawa da ake kira vatapá, da miyar kuɓewa, da busasshen jatan lande. Acarajé suke ce masa. In ta tambaye ka quente, ba zafin wuta take nufi ba, yaji ne, kuma yajinsu na da faɗa. Na nuna mata a waya yadda muke yin namu, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani.

Akwai kuma abincin da sunanmu ke kansa, arroz de hauçá, wato shinkafar Hausawa. Shinkafa ce da aka dafa ta yi laushi sosai kamar za a tuƙa, a ɗora busasshen naman shanu mai gishiri da aka soya da albasa. Ba ko'ina ake samu ba, a Salvador muka ci.

Hijabi ba wanda ya taɓa yi mini maganar banza a kansa. Kallo dai akwai, da tambaya. Bakin teku kuwa, in za ka je ka je da sassafe kafin a cika, don shigarsu ba irin tamu ba ce. A Arembepe akwai wurin da ake kula da kunkurun teku, yara sun ji daɗinsa ƙwarai.

Ɗan Kakuri

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na je duba kayan gyara, direban da ke kai ni da dawo da ni tsohon ma'aikacin Ford ne. Kamfanin ya buɗe masana'antarsa a Kamasari a 2001, a nan ake haɗa EcoSport da Ka, sai a Janairun 2021 ya ce ya daina ƙera mota a Birazil baki ɗaya. Dubban mutane suka wayi gari ba aiki, har da na ƙananan kamfanonin da ke yi masa kujeru da gilashi da wayoyi. Mutumin nan ya tsaya da ni a bakin shingen, ya nuna mini ƙofar da yake shiga. Bai ce komai ba sosai, wayar fassara ce tsakaninmu, amma na gane. Ni da na tashi a Kakuri na ga yadda unguwa ke mutuwa a tsaye bayan an rufe masaƙu, tun daga mai sayar da abinci a bakin ƙofa har mai gidan haya, ban buƙaci a fassara mini ba.

Yanzu BYD ta China ta karɓi filin, kuma a 2025 ta fara haɗa motocin lantarki a wurin. Mutanen gari na murna, amma da taka tsantsan. A Disamban 2024 masu binciken ƙwadago na gwamnati suka ce sun samu 'yan China 163 da ɗan kwangila ya kawo aikin ginin cikin yanayi mai kama da bauta, aka dakatar da wani sashe na aikin. Abin da ya burge ni shi ne hukuma ta shiga har wurin kwanansu ta duba, ba ta ce ai mai zuba jari ne a ƙyale shi ba. In ka je, Malam, ka yi hira da ma'aikata a wurin cin abinci, ka ji yadda ƙungiyarsu ke aiki. Wannan ma ilimi ne da za ka dawo mana da shi.

Malamin tarihi

Ina goyon bayan ɗalibinmu kan Lauro de Freitas, kuma ina da ƙarin dalili. In ka bi titin bakin teku da ake kira Estrada do Coco, kana fita daga Lauro de Freitas za ka hau gada a kan kogin Joanes. Kogin shi ne iyaka, ƙetarensa ƙasar Kamasari ce. Na je taro Salvador, kuma don wannan kogin kawai na ɗauki mota na fita.

A farkon ƙarni na 19, bayan ɓarkewar yaƙe-yaƙen jihadi a 1804, an kai Hausawa da yawa Bahiya a matsayin bayi, ta tashoshin Ikko da Badagiri da Wida. Ba su kwanta ba. A 1807 aka tono shirinsu na tawaye a Salvador kafin su tashi. A ƙarshen Fabrairun 1814 suka tashi a Itapuã, wurin masunta da ke kusa da filin jirgin da za ka sauka, suka ƙone rumfunan iyayengijinsu, suka nufi yankin gonakin rake don su tayar da sauran bayi. A bakin kogin Joanes dakarun doki suka tare su, aka gwabza, aka kashe da dama, wasu ruwa ya ci su. A takardun shari'ar an ambaci wani jagoransu da laƙabin malomi, wato malami. Babban tawayen Musulmi na Janairun 1835, cikin watan azumi, Yarbawa ne suka fi yawa a cikinsa, amma da Hausawa, kuma layu da rubuce-rubucen Larabci da aka samu a jikinsu suna nan ajiye a gidan adana takardu na jihar.

Na sa direba ya tsaya bayan gadar. Ruwa ne mai duhu, da itatuwan fadama a gefe, gidajen masu kuɗi sun kewaye shi, motoci na ta wucewa da gudu. Na yi musu addu'a. Waɗannan mutane daga garuruwanmu aka ɗebe su, da harshen nan da muke rubutu da shi suka shirya abin da suka shirya, kuma ba mu koya wa yaranmu labarinsu. Ko sau ɗaya ne ka bi ta nan, Malam, ka karanta musu Fatiha.

Bakanike daga Sharaɗa

Allah ya saka muku da alheri, kun buɗe mini ido. Zan nemi Lauro de Freitas in akwai motar kamfani, kuma Malam, in sha Allah zan tsaya a kogin. Baba Injiniya, wani abokin aiki ya ce mini za a sa ni aske gemu. Da gaske ne?

Injiniya mai ritaya

Ya danganta da sashen da za a kai ka. Inda ake sa takunkumin da ke manne wa fuska, gemu na hana shi kamawa, gas ya samu hanya ta gefe, don haka ba sa ɗaga ƙafa ga kowa, Musulmi ko Kirista. Ba ƙiyayya ba ce, ranka ake tsarewa. A cikinmu akwai wanda bai yarda ya aske ba, aka bar shi a ɗakin sarrafa injuna da wurin gwaje-gwaje, bai shiga cikin fili ba. Ka rubuta musu tun yanzu ka tambaya, su faɗa maka a rubuce, don ka yanke shawararka a gida cikin natsuwa, ba a bakin ƙofa ba.

Kan masauki na sallama wa yaron nan, shi yake can yanzu, ya fi ni sanin yadda dare yake. Ka tafi da katin rigakafin shawara, da abin haɗa caja mai ƙafa zagayayyu don soket ɗinsu daban ne. In tafiyar ta faɗo tsakanin Afrilu da Yuli, sa rigar ruwa a jaka, lokacin damina ce sosai. Ta Adis Ababa muka bi zuwa Sao Paulo, daga nan jirgin cikin gida na awa biyu da ɗoriya zuwa Salvador. A Sao Paulo sai ka karɓi kayanka ka wuce kwastan ka sake ba da su, don haka ka ce wa mai yanka tikiti ya bar maka tazara mai yawa tsakanin jiragen biyu.