Taƙaitawar wata tattaunawa kan gano sankarar mama da igiyoyin maikirowef

1. Kowa ya yarda cewa na'urar da ake wannan gwaji da ita tana aika igiyoyin maikirowef (wani nau'in igiyoyin rediyo) marasa ƙarfi cikin nono, kuma tunda ƙari ya fi kitse ɗauke da ruwa, yadda igiyoyin ke dawowa shi ne ke nuna wurin da ake zargi.

2. Abin da ya fi jan hankalin mata shi ne ba a matse nono tsakanin faranti biyu kamar a mamogiram (hoton nono da ake ɗauka da eksre), kuma babu hasken eksre. An kawo misalin wata na'ura mai suna MARIA, wadda aka ƙera a Jami'ar Biristol ta Ingila: mace takan kwanta rub da ciki, nonon ya shiga wani ƙoƙo mai eriya 60.

3. Ra'ayi ya rabu kan mata masu ƙarancin shekaru. Wasu na ganin a nan amfaninta yake, domin mamogiram kan gaza a nono mai cunkoson nama da ƙarancin kitse, wanda aka fi samu a irin waɗannan matan. Wasu suka tuna binciken 2007 da ya nuna bambancin ƙari da naman da ke samar da madara, ta fuskar yadda suke amsa igiyoyin, bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, wato ita ma na'urar za ta iya shan wahalar gano ƙari a irin wannan nonon. Hujjar nan, a ganina, tana da nauyi.

4. Wadda ta ji ƙululu ta je asibiti yanzu, domin gwajin tsoka (a ciri ɗan nama daga ƙululun a duba shi) ne ke tabbatar da cutar.