Neman kalmar Hausa: me za mu kira "hexachlorure de tungstène"?

Assalamu alaikum, ƴan uwa malaman kimiyya na Maraɗi da kewaye. A makon jiya wata ɗalibata a lise, wato babbar sakandare, ta tambaye ni yadda za ta faɗa wa mahaifinta, wanda maƙeri ne, sunan sinadarin da littafin Faransanci ya kira hexachlorure de tungstène, wato WCl6. Na ce mata "gishirin tangisten", amma tun daga ranar hankalina bai kwanta da wannan amsa ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Sunan ƙarfen kansa, wato tungstène, bai ba ni wahala ba. Asalinsa daga harshen Suwidin ne, ma'anarsa "dutse mai nauyi", kuma lallai nauyin gare shi, don kowane santimita kubik yana da giram 19 da ɗoriya, kusan daidai da zinariya. Alamarsa W ta fito ne daga ɗaya sunan nasa, wolfram, wanda masu haƙar ma'adinai a Jamus suka laƙaba wa dutsensa saboda yana cinye musu kuza wajen narkarwa kamar yadda kyarkeci ke cinye tumaki. A 1783 ne wasu ƴan uwa biyu, ƴan gidan Elhuyar, suka fara tace shi a Sifaniya. Wani abokin aiki ya ba da shawarar mu ce "ƙarfen zaren ƙwan lantarki", amma irin wannan ƙwai yana ɓacewa daga kasuwa, yaran da ke tasowa ba za su san shi ba. Na fi son aro, mu ce tangisten, kalmar da ɗan Maraɗi mai karatu da Faransanci da ɗan Katsina mai karatu da Ingilishi duk za su gane.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalmar "gishiri". Bahaushe in ya ji gishiri, abin da ke zuwa ransa shi ne na miya, ko kantu na Bilma da ake ba dabbobi, abin da ake taɓawa da hannu, a lasa, a jiƙa da ruwa. WCl6 kuwa ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan halaye. Launinsa shuɗi ne mai duhu da ya karkata zuwa shunayya, kusan kamar turkuɗi. Yana narkewa a zafin digiri 275 na ma'aunin Selsiyos, ya tafasa a wajen 347, alhali gishirin miya sai ya kai 801 kafin ya narke, shi kuwa tangisten tsantsa sai 3422, wanda babu wani ƙarfe da ya kai shi. Dalilin wannan bambanci yana cikin gininsa: ƙwayar zarra guda ta tangisten ce a tsakiya, shida na kulorin, sinadarin da alamarsa Cl, sun kewaye ta, kowane dunƙule yana zaman kansa ba tare da riƙo mai ƙarfi tsakaninsa da maƙwabcinsa ba, shi ya sa zafi kaɗan ke raba su har su tashi tururi.

Abin da ya fi damuna shi ne halinsa da ruwa. Gishiri yana narkewa a ruwa ya zauna lafiya, wannan kuwa ruwa lalata shi yake yi. Ko damshin iska ya ishe shi: in aka buɗe kwalbarsa a cikin Agusta, damina ta kankama, sai ya fara fitar da hayaƙin asid mai ƙona ido da maƙogwaro, launinsa ya juya ja, daga bisani ya koma rawaya yayin da oksijin da ke cikin ruwan ke maye gurbin kulorin. Don haka ake ajiye shi a rufe ruf. Na san masana kan faɗaɗa ma'anar gishiri a tsakaninsu, amma sunan da zai sa yaro ya zaci abin lasawa ne bai dace da aji ba.

Aron kalmar Turawa kai tsaye a madadin "gishiri" ma bai warware ba, don mu nan za mu ce "kulorur", maƙwabtanmu na Jibiya su ce "kulorayid", iyaka ta raba mu a kan abu ɗaya.

Shawarata ita ce mu ce "tangisten mai kulorin shida". Ginin Hausa ne tsantsa, irin na "mota mai taya shida", kuma yana faɗin abin da ke cikin sinadarin ba tare da ƙari ba. Ya kuma buɗe wa danginsa hanya, WCl5 ya zama tangisten mai kulorin biyar, WCl4 mai kulorin huɗu. Wanda ya rage mini shi ne jan nan da damshi ke haifarwa, WOCl4, don "mai oksijin ɗaya da kulorin huɗu" ya yi tsawo a baki. Malamai, wanda ke da gajeriyar hanya ya taimaka mana da ita kafin darasin Litinin.